Alewar maƙoshi tana kashe zafi, ba ta kashe cuta

Ɗari ya shigo. Iska ta taso daga gabas, ta kawo ƙura da hazo. Leɓɓa sun tsage, ƙafafu sun yi faso. Kowane gida sai ka ji tari, kowace majalisa sai ka ga mai dafe da wuya. A wannan lokaci ne masu tebur da masu farmasi suke cinikin alewar maƙoshi, wadda ake tsotsa don a samu sauƙin haɗiye yawu.

Saboda haka wani majo na gidan likita, a cikin jihar Damagaram, ya je cibiyar yaƙi da jahilci ta garinsu, ya yi jawabi a kan wannan alewa. Maza sun zo, mata sun zo. Maigari da liman da wanzamin gari duk suna wurin. Ga abin da majo ya faɗa, domin a karanta shi a sauran cibiyoyi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Bayan sallama da gaisuwa, majo ya ɗaga wani ƙaramin kwali sama, kowa ya gani. Ya ce bai zo don ya hana mutane sayen abin da ke cikin kwalin ba. Abu ne mai amfani. Ya zo ne don kowa ya san aikinsa, ya kuma san inda aikinsa ya tsaya.

Me ke kawo ciwon maƙoshi?

Majo ya ce cikin maƙoshi akwai fata mai laushi, kullum a jiƙe take. Iskar ɗari tana busar da ita. Ƙura da hayaƙin murhu da hayaƙin taba suna ƙarzar ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ƙwayoyin cuta suke samun hanya.

Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu, kuma iri biyu ne. Na farko ana kiransu birus. Su ne masu kawo mura, kuma su ne ke kawo mafi yawan ciwon maƙoshi. Mai irin wannan ciwo za ka gan shi da majina, da atishawa, da tari, muryarsa ta dishe. Jiki da kansa yake korar su. Cikin mako guda, da yardar Allah, mutum ya warke ko bai sha kome ba.

Na biyu ana kiransu bakteri. Ba su kai na farko yawa ba, amma sun fi su ɓarna. Su ne suke bukatar maganin gidan likita. Matsalar ita ce, a ranar farko zafin duka biyun kusan ɗaya ne. Mai ciwo ba ya iya rabe su da jin zafi kaɗai.

Alewar iri biyu ce

Majo ya ce abin da mutane ke kira alewar maƙoshi ba duka ne magani ba.

Akwai alewa mai sanyi, irin su Tom Tom, wadda ake samu a kan kowane tebur. Sukari ne da wani abu mai sanyaya baki da ake kira mantol. Tana sa yawu ya taru, maƙoshi ya jiƙe, mutum ya ji sanyi-sanyi. Wannan alewa ce, ba a ƙidaya ta cikin magungunan likita.

Akwai kuma ta farmasi, wadda ake kira pastille da faransanci. Ana sayar da ita ba tare da takardar lokotoro ba. A cikin waɗansu an zuba maganin da ke sa wuri ya sage, mutum ya daina jin zafi. Irin maganin nan ne ake yi wa mutum allurarsa kafin a cire masa haƙori, ko kafin a ɗinke masa rauni. Ɗaya daga cikinsu sunansa lidocaïne. A ƙasar Suwidin aka haɗa shi, a shekarar 1943, kuma har yau babu gidan likitar da ba a aiki da shi.

A nan majo ya juya wajen allo, ya rubuta kalmomi uku da alli: lidocaïne, tétracaïne, benzocaïne. Ya sa ɗalibai suka duba ƙarshen kowace kalma. Duka uku da caïne suka ƙare. Ya ce, ga amfanin karatu. Duk wanda ya juya kwali ya ga kalma mai wannan wutsiya, ya san alewar da ke hannunsa mai sa maƙoshi ya sage ce. Ba ta yara ba ce, ba ta kyauta ga baƙo ba ce. Magani ce, kuma tana da doka.

Yadda take aiki

Cikin jiki akwai jijiyoyi sirara, kamar zare. Aikinsu kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. In maƙoshi ya kumbura, sai su kai labari, mutum ya ji zafi. Maganin da ke cikin alewar yana tare wannan saƙo na ɗan lokaci. Bayan mintoci kaɗan sai harshe da maƙoshi su sage, kamar ƙafar wanda ya daɗe zaune a kan tabarma. Sauƙin ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma bai kai haka ba. Daga nan zafi ya dawo, domin kumburin yana nan, ƙwayoyin cuta suna nan.

Majo ya ce a ɗauki misalin kare. Dare ya yi, kare yana ta haushi a bayan gida. Mai gida ya gaji, yana son barci, sai ya jefa masa ƙashi. Kare ya yi shiru. In akuyar maƙwabta ce ta gitta, ba a yi asarar kome ba, mai gida ya samu barcinsa. Amma in ɓarawo ne, da safe sai a tarar da turke babu sa.

Zafi shi ne karen. Alewa ita ce ƙashin. Babu laifi a rufe bakin kare in an leƙa an ga akuya ce. Laifin shi ne a rufe bakinsa ba a leƙa ba.

Dokokin shanta

Babban mutum mai mura, wanda maƙoshi ya hana shi barci ko magana, yana iya tsotsar alewar nan ya samu sauƙi. Majo ya lissafa dokoki bakwai, ya ce a rubuta su cikin littafi.

1. A tsotsa a hankali har ta narke. Ba a tauna ta, ba a haɗiye ta guda. Aikinta a maƙoshi yake, in ta faɗa ciki ta tashi a banza.

2. A bar aƙalla awa 2 tsakanin ɗaya da ɗaya.

3. Kada a wuce adadin da aka rubuta a takardar da ke cikin kwali. Wata iri guda 4 kawai aka yarda a yini, wata har 8. Wanda bai iya karanta takardar ba ya tambayi mai farmasi, ya sa a rubuta masa lambar a bayan kwali.

4. Kada a sha ta dab da cin abinci ko shan ruwa. Maƙoshin da ya sage ba ya gane hanya sosai. Fura ko tuwo suna iya bin hanyar numfashi, mutum ya ƙware. Koko mai zafi ko shayi yana iya ƙona shi bai ji ba. Yana iya cizon harshensa har jini ya fito bai sani ba. A ci abinci tukuna, sannan a tsotsa. In an riga an tsotsa, a jira har baki ya dawo daidai.

5. Kada a kwanta barci da ita a baki. Kada a hau babur ko a yi gudu da ita a baki.

6. In an yi kwana 3 babu sauƙi, a tafi gidan likita. Ko yaya ake ciki, kada a wuce kwana 5 ana shanta.

7. A duba ranar lalacewa. A jikin kwali akwai haruffa uku, EXP, da lambobi a gabansu. In an ga misali EXP 06/2027, ma'anarsa maganin yana da kyau har watan 6 na shekarar 2027. In ranar ta wuce, a bar shi.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Na farko, yaro ɗan ƙasa da shekara 6. Hanyar numfashinsa ƙarama ce, alewa tana iya maƙale masa. Kuma maganin ya fi ƙarfin jikinsa. Waɗansu iri ma sai ɗan shekara 12 aka yarda ya sha. A ajiye kwalin sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin shi a wurinsa alewa ce mai zaƙi, yana iya shanye kwali guda.

Majo ya ja kunne a kan benzocaïne. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Jarirai ya fi yi wa haka. A shekarar 2018 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Amurka ta yi gargaɗi kada a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 wannan magani a baki, ko don zafin fitowar haƙori. Alamarsa ita ce leɓɓa da harshe da farata su koma launin toka ko shuɗi, numfashi ya yi wuya, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Duk wanda ya ga haka, babba ko yaro, a kai shi gidan likita nan take.

Na biyu, wanda aka taɓa yi wa allurar cire haƙori ko ta ɗinki, jikinsa ya yi ƙuraje ko fuskarsa ta kumbura. Wannan jininsa bai karɓi maganin ba.

Na uku, mace mai ciki da mai shayarwa. Su tambayi ungozomar likita kafin su sha. Mai ciwon sukari kuma ya sani yawancinsu da sukari aka yi su. Akwai marar sukari, sai ya tambaya.

Misalin gida biyu

Majo ya ce a ɗauka ga gidaje biyu, katanga ɗaya ta raba su. Kowane gida akwai yaro ɗan shekara 9. Rana ɗaya yaran biyu suka tashi da ciwon maƙoshi mai tsanani. Jikinsu ya yi zafi rau. Ba su tari, ba su majina. A ƙarƙashin haɓarsu kaluluwa ta fito, in an taɓa sai su yi ƙara.

Uban na farko yana son ɗansa. Ranar kasuwa ya sayo masa alewar maƙoshi ta ƴan daloli. Yaro ya tsotsa, zafi ya lafa, ya sha fura, ya koma lakwal. Bayan kwana biyar masassara ta sauka. Uba ya ce alhamdu lillahi, ya huta da kuɗin mota da bin layi.

Uwar na biyu ta fito da ɗanta tsakar gida inda rana take. Ta ce ya buɗe baki ya ce “aaa”. Ta ga tsokoki biyu da ke gefen maƙoshi, dama da hagu, sun kumbura sun yi ja, da ɗigo-ɗigon fari kamar mugunya. Ta gaya wa mai gida, suka kai shi gidan likita. Aka duba shi, aka ba shi maganin kashe bakteri. Ya shanye kwanakin da aka yanka masa, bai tsaya a tsakiya ba don ya ji sauƙi.

Bayan mako biyu ko uku, yaron farko ya fara kukan gwiwa. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi. Ta saki, ciwo ya koma idon sawu. Ya saki, ya koma gwiwar hannu. Mutanen gida suka ce sanyi ne. Ba wanda ya tuna da ciwon maƙoshin da ya wuce.

Majo ya ce ga abin da ya faru. Akwai wani bakteri mai suna streptocoque. Yara ƴan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Cikin yara 10 masu ciwon maƙoshi, biyu ko uku shi ne ke damunsu. In ba a kashe shi ba, jikin waɗansu yara yakan ruɗe wajen yaƙi da shi, sai ya juya ya kai wa kansa hari. Ya taɓa gaɓoɓi, ya taɓa zuciya. Ciwon gaɓoɓi yana wucewa, amma tabon zuciya yana zama. Cikin zuciya akwai ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa. In suka lalace, sai bayan shekaru a ga saurayi ba ya iya kai kunya guda ta noma sai ya tsaya yana haki. A ga budurwa ta yi aure, cikin fari ya zame mata haɗari. Wanda abin ya taɓa, sai ya riƙa karɓar allurar penisilin kowane mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Wani sai an yi masa aikin zuciya, wanda ya fi ƙarfin talaka. Wannan cuta tana kashe wajen mutum dubu 300 ko fiye a duniya kowace shekara, yawancinsu a ƙasashe matalauta.

Duk wannan, allurar penisilin guda ɗaya, ko ƙwayoyi na kamar kwana 10, sun isa su tare shi tun farko. Uban yaron farko ba mugu ba ne. Ya rufe bakin kare ne bai leƙa ba.

Mashaƙo

Majo ya ce akwai wata cutar maƙoshi da ta fi wannan gaggawa, ita ce mashaƙo. Mutanen jihar Damagaram ba labari aka ba su ba. A shekarar 2023 ta ɓulla a yankin Matamai, ta bazu, ta taɓa sauran jihohi. A shekarar nan kuma ta yi ɓarna mai yawa a Kano da kewayenta. Yara ta fi ɗauka, musamman waɗanda ba a yi wa lamba ba.

Mashaƙo tana farawa a hankali, kamar ƙaramin ciwon maƙoshi, da ƴar masassara. Shi ya sa take yaudara. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a cikin maƙoshi. Tana manne sosai, in an kankare ta sai jini. Wuya yana kumbura kamar na sa. Fatar nan tana iya toshe numfashi. Ƙwayar cutar kuma tana zuba dafi cikin jini, ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Ko an yi magani, cikin mutum 100 biyar zuwa goma suna rasuwa. In ba a yi ba, abin ya fi haka nesa. Maganin dafin a gidan likita yake, kuma yana aiki ne in an yi shi da wuri. Kowane yini da aka ɓata ana tsotsar alewa, dafi ne aka ba wa hanya.

Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Saboda haka in an samu mai ita a gida, mutanen gidan duka su je a duba su, a ba su magani, a yi musu lamba.

Rigakafinta yana cikin allurar da ake kira Penta, wadda ake yi wa jariri sau uku: yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Kyauta ake yin ta. Majo ya roƙi kowane magidanci, in ya koma gida, ya karɓi takardar awon ƴaƴansa, wadda ake kira karne, ya duba da idonsa ko an cika ukun nan. Wanda ya tsallake, a kai shi, ba a makara ba.

Alamun da ba a kwana da su

Duk mai ciwon maƙoshi da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, a ajiye alewa, a nemi amalanke ko babur:

Numfashi yana wuya, ko yana ƙara.
Ba ya iya haɗiye ko ruwa, yawu yana dalala.
Ba ya iya buɗe baki, ko ciwon ya taru gefe guda.
Wuya ya kumbura, ko ya sanƙare ba ya sunkuyawa.
An ga fari ko fata mai launin toka cikin maƙoshi.
Masassara mai zafi, babu tari babu majina, musamman ga yaro.
Ƙuraje sun feso a jiki, ko gaɓoɓi sun fara ciwo.

Haka nan babban mutum da muryarsa ta dishe, ko maƙoshi ya dame shi fiye da mako 3, musamman mai shan taba ko mai cin ta. Wannan ma ya je a duba shi.

In an je, a tafi da kwalin abin da aka sha, a nuna wa majo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ake yi a gida

In mura ce kawai, majo ya ce akwai taimako a cikin gida wanda ba ya cin kuɗi. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda na ruwa mai ɗumi. A kurkure maƙoshi da shi, a zubar, sau uku ko huɗu a yini. A yawaita shan ruwa da kunu mai ɗumi. Zuma da lemun tsami cikin ruwan ɗumi suna sanyaya maƙoshi. Amma kada a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1 zuma, tana iya yi masa lahani. Parasetamol yana rage zafi da masassara, in an bi awon da ya dace da shekarun mai ciwo. Yaro ba a ba shi aspirin. Ranar da ƙura ta taso a rufe hanci da rawani ko mayafi. A fitar da yara daga ɗakin da hayaƙi ya cika. Mai ciwo ya ware kofinsa da ludayinsa har ya warke.

Tambayoyin jama'a

Wani dattijo ya ce: “Malam majo, farmasi tana da nisa. Ga mai yawo da magani yana zuwa har ƙofar gida, kuma nasa ya fi arha. Ina laifinsa?”

Majo ya ce: “Baba, gaskiya ne farmasi tana da nisa. Amma a jikin kwalin magani an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce awo 25 ko 30 ba. A ƙasar nan, da bazara, zafi yana wuce 40. Maganin da ya yini a kan tire cikin rana ya riga ya dahu. Kuma ɗaya-ɗaya ake sayar da shi, babu kwali, babu takarda, babu ranar lalacewa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, cikin magani 10 ɗaya jabu ne ko marar inganci. Ranar kasuwa a sayo na farmasi ko na depo mai izini, a ajiye a inuwa.”

Wata mata ta ce: “Malam majo, tunda ka ce maganin kashe bakteri ke tare ciwon zuciya, me zai hana duk wanda maƙoshinsa ya yi ciwo ya sayi kapsul ja da rawaya ya sha?”

Majo ya ce: “Inna, tambayarki ta yi kyau. Wannan magani ba ya taɓa birus ko kaɗan, kuma birus ne ke kawo mafi yawan ciwon. Mai mura in ya sha, ya zubar da kuɗinsa. Wanda kuma bakteri ke damunsa, kapsul biyu ko uku ba su kashe shi. Koya masa jure magani kawai suke yi, gobe in an ba shi na gaskiya ya ƙi ji. Sai an duba maƙoshi kafin a san wanda ya dace, da yawansa, da kwanakinsa.”

Daga nan wanzamin gari ya yi gyaran murya. Ya ce: “Malam majo, mu mun gada daga iyaye, in maƙoshi ya dami mutum belu ne ya sauko, sai a cire. Me ka ce a kan wannan?”

Majo ya ce: “Sarkin aska, kowa a garin nan ya san darajar gidanku. Amma belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi. Yana taimakawa wajen tare abinci da ruwa kada su bi ta hanci. In maƙoshi ya kumbura shi ma yana kumbura, in ciwo ya wuce ya koma yadda yake. Ba shi ne ya kawo ciwon ba. Yanke shi yana iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa, da ciwon tetanos. Ƙarfen da ya shiga bakin wani yana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. In kuma mashaƙo ce, an ƙara rauni a kan rauni, an ɓata lokaci. Mutane wurinka suke fara zuwa kafin su zo gidan likita. Kai ne ka fi kowa leƙa bakin yaran garin nan. In ka ga fari ko toka a maƙoshin yaro, ka turo shi da gaggawa. Ladan ran da aka ceto naka ne.”

Wanzami ya yi shiru, sannan ya ce a sake faɗa masa alamun. Wani ɗalibi ya tashi ya karanta masa su daga littafinsa, ɗaya bayan ɗaya.

Rufewa

Majo ya sake ɗaga kwalin nan. Ya ce babba mai mura ya tsotsi alewarsa bisa doka, ya samu barci, Allah shi ba shi sauƙi. Amma kafin a miƙa wa yaro kome, a fito da shi cikin haske, a sa ya buɗe baki, a leƙa. A taɓa goshinsa, a taɓa ƙarƙashin haɓarsa. Wannan ba ya cin ko dala, kuma kowace uwa da kowane uba suna iya yinsa.

Maigari ya yi godiya. Ya ce ranar Juma'a bayan salla kowane magidanci ya zo ƙofar gidansa da karnen ƴaƴansa, ɗaliban cibiya su taimaka a duba wanda lambarsa ba ta cika ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka watse.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Da waɗanne haruffa sunan maganin da ke sa maƙoshi ya sage yake ƙarewa?
2. Me ya sa ba a tsotsar alewar nan kafin cin abinci?
3. Ku faɗi alamu huɗu da ba a kwana da su.
4. Yara nawa ne a gidanku aka yi wa Penta sau uku?